Yadda Za Ka Duba Rahoton Tarihin Hayarka a Amurka, Ka Gyara Kuskurensa Kafin Ya Hana Ka Gida

A Kano ko Maraɗi, idan za ka kama haya, dillali ne zai kai ka gaban mai gida. Ya dube ka, ya tambayi sana'arka da yawan iyalinka, wataƙila ya nemi wanda ya san ka a unguwa, ka biya kuɗin shekara, a miƙa maka makulli. A Amurka kuwa, yawancin masu gidaje, musamman kamfanonin da ke riƙe da manyan benaye, tun ba su ga fuskarka ba suke yanke shawara a kanka. Da ka cike fom ɗin neman haya, sai su tura sunanka da ranar haihuwarka da lambarka ta Social Security, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bai wa mutum don aiki da haraji, ga wani kamfani mai tantance 'yan haya, cikin ɗan lokaci ya dawo musu da rahoto. Abin da ke cikin rahoton nan shi zai ba ka gida, ko ya hana ka.

Abin da ke damuna shi ne da yawa daga cikin mutanenmu da ke Bronx ta birnin Niyok ko Shikago ba su taɓa ɗora ido a kan wannan rahoto ba. A hana mutum gida, ya ce rabo ne bai rantse ba, ya sake biyan kuɗin fom a wani wuri, a sake hana shi. Alhali akwai dokar tarayya tun 1970, wadda ake kira Fair Credit Reporting Act, ko FCRA a taƙaice, da ta ba shi haƙƙin ganin abin da aka rubuta a kansa da haƙƙin a gyara. Dokar kowane mutum take nufi, ba ta ce sai ɗan ƙasa ba.

Mataki na 1: Ka san cewa rahoto biyu ne

Na farko shi ne rahoton bashi, wanda manyan kamfanoni uku ke ajiyewa: Equifax, Experian da TransUnion. A nan ake ganin katin bashinka, bashin mota, da duk wani bashi da aka miƙa wa masu karɓar bashi. Na biyu shi ne rahoton tantance ɗan haya, wanda kamfanoni da dama ke haɗawa, irin su RealPage, SafeRent, AppFolio, da TransUnion SmartMove. Wannan na biyun ya fi faɗi. Yakan ɗauko bayanan bashin, ya ƙara da adireshin gidajen da ka zauna, ƙarar tashi da wani mai gida ya taɓa kai ka kotu, tarihin laifuka, wani lokaci har da maki da shawarar a karɓe ka ko a ƙi.

Bambancin yana da muhimmanci. Tun daga 2017 zuwa 2018 manyan kamfanonin uku suka daina sa hukuncin kotun farar hula a rahoton bashi, don haka za ka iya duba naka ka gan shi fes, alhali ƙarar tashi na zaune daram a ɗaya rahoton. Kada tsabtar na farko ta ruɗe ka.

Mataki na 2: Ka nemi rahotanninka tun kafin ka fara neman gida

Ka fara aƙalla wata 2 kafin ƙarewar yarjejeniyar hayarka, domin gyaran kuskure yakan ci kwana 30 ko fiye.

Rahoton bashi kyauta ne a AnnualCreditReport.com, shafin da dokar tarayya ta amince da shi, kuma yanzu kana iya ɗauko na kowane kamfani sau ɗaya a mako. Duk shafin da ya nemi lambar katin bankinka kafin ya nuna maka, ka fita, ba shi ba ne.

Na tantance 'yan haya ya fi wahalar bi saboda yawan kamfanonin. Hukumar CFPB mai kare masu mu'amala da harkokin kuɗi tana wallafa jerin sunayensu da yadda ake tuntuɓarsu. Kamfanonin da ke tara tarihin haya a faɗin ƙasar dole su ba ka kwafi kyauta sau ɗaya duk wata 12 idan ka nema. Ka fara da Experian RentBureau, wanda ke tara bayanan biyan haya kai tsaye daga masu gidaje. Sannan ka tambayi ofishin gidan da kake so: wane kamfani kuke amfani da shi wajen tantancewa? Tambaya ce ta yau da kullum, ba wanda zai ɗauke ta rashin kunya. Za a nemi shaidar kai, kamar lasisin tuƙi da takardar kuɗin wuta mai adireshinka. Kwafi za ka tura, ka riƙe na asali. Idan wani kamfani ya ce ba shi da fayil a kanka, ba matsala ba ce, wasu sai mai gida ya nema suke haɗawa.

Mataki na 3: Ka karanta shi layi bayan layi, musamman wajen suna

A nan ne mu ya fi shafa. Ka ƙirga masu suna Muhammad Abubakar ko Ibrahim Musa a cikin ƙasa mai mutum fiye da miliyan 330, daga Najeriya da Nijar har Sudan da Somaliya da Pakistan. Ka ƙara da cewa sunan mutum ɗaya yana fitowa Muhammad a fasfo, Mohammed a lasisi, Mohamed a takardar albashi. Ka ƙara da cewa wasunmu 1 ga Janairu aka rubuta musu a matsayin ranar haihuwa saboda ba a yi rajista ba lokacin da aka haife su. Kwamfutar da ke haɗa sunan mai neman haya da bayanan kotuna ba ta san wannan ba, kuma bayanan kotu sau da yawa ba su ɗauke da lambar Social Security da za ta raba gardama.

Wannan ba zato ba ne. A 2018 kamfanin RealPage ya amince ya biya dala miliyan 3 don sasantawa da FTC, hukumar tarayya mai sa ido kan kasuwanci da kare masu saye, kan zargin cewa yana laƙaba wa masu neman haya tarihin laifin wasu mutane saboda kamannin suna. A 2020 AppFolio ya amince da biyan dala miliyan 4.25 kan rahotanni marasa inganci. A 2023 sashen TransUnion mai tantance 'yan haya ya amince da biyan dala miliyan 15 kan yadda yake ba da rahoton ƙarar tashi. Shari'ar TransUnion da Ramirez, wadda Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 2021, ta samo asali ne daga mutumin da ya je sayen mota aka ce sunansa ya yi daidai da na wani a jerin 'yan ta'adda da masu safarar ƙwaya na gwamnati, alhali suna kawai aka gwada.

To ka zauna da biro. Idan ka ga layin ƙarar kotu, ka duba cikakken sunan wanda aka kai ƙara, da gundumar da kotun take, da shekara, da lambar shari'a, da yadda ta ƙare. Idan an ce an kai Ibrahim Musa ƙara a wata gunduma a Ohayo a 2021, kai kuwa a lokacin kana Bronx ko ma ba ka shigo ƙasar ba, ka zagaye layin. Sauran abin dubawa: ƙara ɗaya da aka maimaita sau 2 ko 3 har ta zama kamar tashi da yawa, ƙarar da aka kora ko ka yi nasara amma ba a rubuta ƙarshenta ba, bashin haya da ka biya amma yana nan a buɗe, shari'ar da kotu ta rufe bayananta amma ta bayyana.

Sai maganar tsufa. A ƙarƙashin sashe na 605 na dokar FCRA, ƙarar farar hula da hukuncinta da kamun da bai kai ga hukunci ba, galibi ba a ba da rahotonsu bayan shekara 7. Bashin da aka miƙa wa masu karɓa shi ma shekara 7, kuma ana lissafi ne daga lokacin da aka fara kasa biya, sayar da shi ga wani sabon kamfani ba ya sabunta shekarunsa. Karayar arziki ta kotu shekara 10. Laifin da kotu ta tabbatar ba shi da iyaka a dokar tarayya, sai dai wasu jihohi sun sa nasu wa'adin.

Mataki na 4: Idan an hana ka gida, kada ka tafi hannu rabbana

Sashe na 615 ya ce duk mai gidan da ya ɗauki matakin da bai yi maka daɗi ba saboda abin da ya gani a rahoto, ko da rahoton ɓangare ne kawai na dalili, dole ya sanar da kai. Ba hanawa kaɗai ba. Idan ya ce sai ka kawo mai tsaya maka, ko ya ƙara maka kuɗin ajiya, ko ya ɗaga kuɗin haya sama da na sauran mutane, duk sun shiga ciki.

Sanarwar dole ta ƙunshi suna da adireshi da lambar wayar kamfanin da ya ba da rahoton, da bayanin cewa ba kamfanin ne ya yanke shawara ba, da haƙƙinka na kwafi kyauta idan ka nema cikin kwana 60, da haƙƙinka na ƙalubalantar kuskure. Doka ta yarda a faɗa maka da baki, shi ya sa wasu ke wucewa da ita a waya cikin sauri. Ka tura saƙon imel a ranar, ka ce kana neman sanarwar a rubuce bisa sashe na 615 na FCRA. Ambaton lambar sashen yana canza yadda ake amsa wa mutum.

Kwana 60 ɗin nan yana gudu. Ka nemi kwafin a makon. Idan kuma ka riga ka san kuskure ne, ka gaya wa mai gidan nan take, ka nuna masa shaida, ka roƙi ya sake dubawa. Doka ba ta tilasta masa ya ajiye maka ɗakin ba, amma ƙananan masu gidaje sukan saurara.

Mataki na 5: Ka rubuta ƙalubale

Ana iya yi ta waya ko intanet, amma ni shawarata a rubuta wasiƙa, a tura ta gidan waya ta hanyar da ake ba da rasit da sa hannun wanda ya karɓa. Ɗan koren katin nan da zai dawo maka da kwanan wata shi ne shaidar ranar da wa'adinsu ya fara.

Kada wasiƙar ta yi tsawo, kuma kada ta zama kuka. Ka sa cikakken sunanka, ranar haihuwa, adireshi, da lambar rahoton. Ka ɗauki kowane kuskure shi kaɗai: shafi kaza, shari'a mai lamba kaza, ba ni ba ne, a shekarar ina zaune a adireshi kaza, ga kwafin yarjejeniyar hayata da takardun albashina, ina neman a goge. Ka haɗa da kwafin rahoton da ka zagaye. Idan Turancinka bai kai ba, ka nemi wanda zai rubuta maka, amma ka sa ya karanta maka kafin ka sa hannu.

Idan maganar ta kotu ce, ka je ofishin magatakardar kotun da kanka, ka ba da lambar shari'a, ka nemi takarda mai hatimi da ke nuna yadda ta ƙare. Ana biyan ɗan kuɗi kaɗan. Wannan takarda ta fi duk wani dogon bayani ƙarfi.

Bisa sashe na 611, kamfanin yana da kwana 30 ya bincika, kuma yana iya ƙarawa har zuwa 45 idan ka kawo sabbin bayanai a tsakiya, don haka ka tattara komai ka tura lokaci ɗaya. Abin da ya zama kuskure, ko suka kasa tabbatarwa, dole su gyara ko su goge, su aiko maka da sakamako a rubuce cikin kwanakin aiki 5 bayan sun gama. Kana da damar cewa su sanar da duk wanda ya karɓi rahotonka a wata 6 da suka wuce. Ka nemi hakan, ba sa yi da kansu. Idan sun nace bayanin daidai ne, kana iya sa taƙaitaccen bayaninka a fayil ɗin, wanda za su iya ƙayyade shi ga kalma 100.

Ka tura irin wannan wasiƙa ga wanda ya ba da bayanin tun farko, tsohon mai gida ko kamfanin karɓar bashi. Kuma gyara a kamfani ɗaya ba ya gyara na sauran. Kowanne sai ka bi shi daban. Abin da gajiya, amma babu wata gajeriyar hanya.

Mataki na 6: Idan bayanin gaskiya ne

Ba kowane baƙin layi ne kuskure ba. Idan da gaske ka bar bashin haya, babu wanda zai iya goge shi da dabara. Masu tallar wanke tarihin bashi a Facebook da WhatsApp suna neman dala ɗari-ɗari tun kafin aiki, ka guje su. Dokar tarayya ta hana irin waɗannan kamfanoni karɓar kuɗi kafin su yi aikin, kuma duk abin da za su yi na halal kai ma za ka iya yi kyauta.

Abin da ke yiwuwa shi ne ka daidaita da tsohon mai gida, ka biya, ka karɓi takardar cewa ba ya bin ka komai, a kuma shigar da shaidar biya a kotu idan akwai hukunci. Idan kamfanin karɓar bashi ne ya rubuto maka, kana da kwana 30 daga sanarwarsa ka nemi hujjar bashin a rubuce. Ka nema, domin sau da yawa ana cusa kuɗin fenti da na shara da ba su da tushe. Wasu jihohi suna rufe bayanan ƙarar tashi. A Kalifoniya, misali, bayanan a rufe suke sai idan mai gida ya yi nasara cikin kwana 60 da shigar da ƙara. Ofishin lauyoyi masu taimakon marasa hali na garinku zai gaya maka abin da jiharka ta tanada.

Wani abu da nake so kowa ya riƙe: idan sammacin kotun gidaje ya zo, a je. Mutanenmu suna tsoron kotu, sai mutum ya kwashe kayansa cikin dare ya ɗauka magana ta mutu. Ba ta mutu ba. Alƙali zai yanke hukunci a bayan idonka, hukuncin ya bi ka shekara 7. Wanda ya je yana iya sasantawa, a rubuta cewa an kori ƙarar. A birnin Niyok, tun 2017 akwai dokar da ta tanadi lauya kyauta ga 'yan haya masu ƙaramin ƙarfi da ake son tayarwa.

Mataki na 7: Ka duba dokar jiharka, ka kai kuka inda ya dace

Jihohi sukan ƙara kariya a kan ta tarayya. A jihar Niyok, dokar 2019 ta ce kuɗin bincike ba zai wuce dala 20 ba, dole mai gida ya ba ka kwafin rahoton da rasit, kuma idan ka kawo naka binciken da aka yi cikin kwana 30 ba zai caje ka ba. Kuɗin ajiya ba ya wuce na wata 1. Dokar ta kuma hana a ƙi ka don kawai ka taɓa shari'a da wani mai gida.

Idan kamfani ya yi biris da wasiƙarka, ka kai ƙorafi ga CFPB ta shafinta ko ta lambar 855-411-2372, da FTC, da ofishin babban lauyan jiharka. Kana iya kai ƙara kotu cikin shekara 2 daga ranar da ka gano laifin, muddin bai wuce shekara 5 da aukuwa ba. Inda aka karya doka da gangan, diyyar da doka ta yanka tana tsakanin dala 100 da 1,000, ban da asarar da aka jawo da kuɗin lauya, shi ya sa lauyoyi da yawa ke karɓar irin wannan shari'a ba tare da kafin alƙalami ba. Idan kuwa ka ga alamar don sunanka, ko addininka, ko ƙasarka, ko yawan 'ya'yanka aka ƙi ka, wannan ya faɗa ƙarƙashin dokar Fair Housing Act ta 1968, kuma ana kai ƙorafi ga ma'aikatar gidaje ta HUD cikin shekara 1.

Mataki na 8: Ka gina naka tarihin da hannunka

Ga inda al'adarmu ta yarda da juna ke cutar da mu. Mutum ya shekara 5 yana zaune a ɗaki cikin gidan ɗan'uwa, duk wata yana miƙa kuɗi a hannu bai taɓa makara ba, amma sunansa ba ya cikin yarjejeniya, ba rasit, ba komai. Ranar da zai kawo iyali ya nemi gidan kansa, a takarda kamar jiya ya sauka daga jirgi. A ɗaya gefen kuma, wanda ya ara wa wani sunansa a yarjejeniya ya bar garin, idan wancan ya kasa biya, sunan mai aron ne zai shiga kotu.

Ka sa sunanka a yarjejeniya idan da hali. Ka biya ta banki ko cek. Idan takardar kuɗi ta gidan waya kake saya, ka rubuta wata da adireshi a jikinta, ka yage ɗan guntun rasit ɗin ka ɗauke shi hoto kafin tawadar ta koɗe. Idan dole sai tsabar kuɗi, a ba ka rasit mai kwanan wata da sa hannu. Neman rasit a wurin ɗan'uwa yana da nauyi, na sani, amma ka gaya masa dalili, shi ma zai buƙaci irinsa wata rana.

Ka sani kuma, biyan haya a kan lokaci ba ya shiga rahoton bashi da kansa, rashin biya ne ke samun hanyar shiga. Shi biya a kan lokaci sai an kai rahotonsa da gangan. Ka tambayi mai gidanka ko yana da tsarin hakan. Akwai kamfanoni irin su Esusu, wanda ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Wemimo Abbey, a Legas ya tashi, akwai kuma Experian Boost. Kafin ka shiga, ka yi tambaya 3: nawa ne a wata, wanne daga cikin manyan kamfanoni uku suke kai wa, kuma biya a kan lokaci kaɗai suke kaiwa ko har da makara. Idan aikinka na tasi ne ko kai saƙo, wanda kuɗi ke shigowa yau da yawa gobe babu, tsarin da ke kai rahoton makara yana iya zame maka illa. Ba kowane ma'aunin makin bashi, wato lambar da ke nuna amincinka wajen biya, ke lissafa haya ba: FICO 8, wanda masu ba da bashi da yawa ke amfani da shi, ba ya dubawa, amma FICO 9 da VantageScore suna dubawa. Tun 2021 kuma Fannie Mae, kamfanin da gwamnati ke mara wa baya mai sayen basussukan gidaje daga bankuna, ke iya la'akari da biyan haya na wata 12 daga bayanan banki ga mai neman bashin sayen gidansa na farko.

Ranar da za ka bar gida, ka ɗauki hoton kowane ɗaki bayan ka share, ka mayar da makulli a hannu a ba ka shaida, ka ba da sabon adireshinka a rubuce. Sannan ka nemi abu biyu daga ofishin: cikakken lissafin biyanka tun daga watan farko da ke nuna babu saura, da 'yar wasiƙa cewa ka zauna daga kaza zuwa kaza kuma ba a bin ka bashi. Ka nema tun kana wurin, domin idan aka sayar da benen ko aka canza kamfanin da ke kula da shi, samun waɗannan takardu daga baya yakan gagara.